Hayaƙin da ya ƙi kamuwa: nazarin ɗaurin manifol a wata babbar mota a Garwa

Motar da hanyarta

Motar mai ƙafa goma ce, ta wani ɗan kasuwa mazaunin Garwa, ya saye ta ta hannu bayan ta gama cin ƙarfinta a Turai. Injinta na dizal ne, silinda shida a jere, da turbo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa tana cusa wa injin ƙarin iska. Aikinta jigila a kan babbar hanyar arewa: Ngaundere, Garwa, Marwa, wani lokaci har Kuseri ta haye gadar Ngeli zuwa Injamena. Tun da layin dogo ya iso Ngaundere a 1974, a nan jirgin ƙasa ke sauke kayan arewacin Kamaru da na Chadi, manyan motoci su kwasa. In ta nufi arewa, shinkafa ce da fulawa da sukari. In za ta dawo, albasar Marwa ce ko gyaɗa ko auduga.

Dawowar nan ita ce wahalar injin. Garwa tana ƙasa ne a kwarin Binuwai, tsayinta daga teku bai wuce mita 250 ba, Ngaundere kuwa ta haura mita 1,000. Yawancin hawan an tara shi wuri ɗaya, a dutsen da ke tsakanin Mbe da Ngaundere, wanda direbobi ke kira falez. A nan mota mai cikakken lodi takan daɗe a ƙaramin giya, totur a ƙasa, iska ba ta buga injin sosai, zafin hayaƙi kuma yana kaiwa digiri 600 ko fiye.

Ƙarfen da ke karɓar wannan zafi shi ne manifol na hayaƙi. Ƙarfen zubi ne, tsawonsa a wannan injin kusan santimita 90, yana da bakuna shida da ke haɗuwa da kan injin, wato ƙarfen da ya rufe saman silindojin, ya tara hayaƙin silinda shidan ya tura shi cikin turbo, daga nan ya wuce salansa. Ƙusoshi 12 ke riƙe da shi, biyu a kowane baki, an dasa su a jikin kan injin, noti ya hau ta waje.

Nuwamba zuwa Disamba: ƙarar safiya

A watan Nuwamba motar ta tafasa ruwa, aka kai ta wani gareji na bakin hanya, aka sauke kan injin aka sauya gaskit ɗinsa, wato siririn faifan da ake sawa tsakanin ƙarfe biyu don toshe kafa. Don a sauke kan injin sai an kwance manifol. Aka gama, aka mayar, mota ta koma aiki, ba wanda ya sake waiwayar wancan gefen.

Tsakiyar Disamba, sanyin hunturu ya kankama, sai direban ya fara jin wata ƙara da asuba in ya tayar da mota: tas-tas-tas, tana bin bugun injin, daga bayan injin, kusa da ɗakin direba. In injin ya ɗumama na mintuna goma sai ta ɓace. Yaron motar ya haska da tocila, ya ga baƙin toka ya yi zane a jikin kan injin, daidai bakin silinda ta shida. Direban ya faɗa wa mai motar. Amsar ita ce wadda kowane direba ya sani: "Tana tafiya dai ko? To a bari a sauke wannan lodin tukuna."

Ƙarar da ke zuwa da sanyi ta tafi da zafi alama ce ta ƙaramar kafa tsakanin manifol da kan injin. Da sanyi kafar a buɗe take. In ƙarfe ya yi zafi ya buɗa sai ya toshe ta. A wannan matakin gaskit bai gama ƙonewa ba, ƙusa ko ɗaya ba ta karye ba.

Janairu: ƙara ɗauri

Makon farko na Janairu, a tashar manyan motoci ta Garwa, direban ya kira wani yaro bakanike. Yaron ya duba ya ce notuna ne suka saki. Ya sa sifana, ya zura mata bututu mai tsawon kamar rabin mita, ya bi notunan daga gaba zuwa baya yana tamkewa, injin kuma da sauran zafinsa. Ƙarar ta ɗauke. Direban ya biya shi, ya yi godiya.

Ƙusoshin nan kaurinsu milimita 10 ne. Irinsu a yawancin injina ana ɗaure su ne a wajen niyuton-mita 40 zuwa 55, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri. Mutum kuwa in ya danna bututun rabin mita da nauyin kilo 20 kacal, ya ba da kusan 100. Hannu ba ya jin wannan bambanci, musamman a notin da ya yi tsatsa.

Motar ta yi tafiya biyu lafiya. A ta uku, tana tsakiyar hawan falez da lodin gyaɗa, aka ji wata ƙara kamar an fasa leda, daga nan ƙarar hurar hayaƙin ta dawo, ba ta kuma ɗaukewa da zafi ba. Ƙusar sama ta silinda ta shida ta karye, guntunta ya rage a cikin kan injin.

Fabrairu: gaskit biyu, da taɓa famfo

A Ngaundere aka shiga gareji na biyu. Bakaniken ya kwance manifol, ya ga gaskit ɗin baya ya cinye. Cire guntun ƙusar zai ci yini guda, ga kuma layin lodi a tashar jirgi, sai aka yanke shawarar a bar shi. Aka ɗora gaskit biyu a kan juna a bakuna na biyar da na shida, aka shafe su da manna mai jure zafi, aka ɗaure da ƙusoshi 11. Manifol ɗin ya ɗan yi gardamar shiga a ƙarshen baya, ramukansa ba su zo daidai da ƙusoshin ba, aka taimaka masa da ƙarfen ɓanɓarar taya har ya zauna.

Wannan gyara bai kai Marwa ba. Kafin Figil hayaƙi ya sake samun hanya, kuma yanzu ya zo da sababbin matsaloli. Mota ta rage ƙarfi a hawa. Baƙin hayaƙi ya yi yawa a salansa. Warin hayaƙi na shiga ɗakin direba, yaron motar da ke kwana a ciki yana tashi da ciwon kai. Robar da ke lulluɓe da wayoyin da suka bi ta bayan injin ta fara narkewa.

Rashin ƙarfin ne ya fi damun direban, don shi ke rage masa yawan tafiya. Wani abokin aikinsa ya ce ai famfon mai ne, mai tura dizal cikin silinda, ya gaji. Aka kai wa mai gyaran famfo, bai kwance komai ba, ya dai murɗa ya ƙara wa injin mai. Ƙarfi ya ɗan dawo. Hayaƙi ya ƙara baƙi, shan mai ya ƙaru, in an buɗe injin da dare bayan doguwar hawa ana iya ganin tsakiyar manifol ɗin ya yi ja-ja.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, turbo da hayaƙi yake juyawa. Duk hayaƙin da ya tsere ta kafa kafin ya kai gare shi, ƙarfi ne da ya rasa. In turbo ya yi sanyin juyi, iskar da yake turawa cikin silinda ta ragu. Man dizal da bai samu isasshiyar iska ba ba ya ƙonewa sarai, sai ya fito da baƙi da ƙarin zafi. Ƙara mai a kan wannan hali ƙara wa wuta itace ne.

Maris: walda a Marwa

Mako na biyu na Maris tsagewa ta bayyana a jikin manifol, tsakanin baki na uku da na huɗu, ƙasa da mazaunin turbo. Motar tana Marwa, an riga an loda albasa. Albasa kuwa ba ta jira, balle a zafin Maris. Aka kira mai walda da janaretonsa, ya bi tsagewar da sandar walda ta ƙarfe irin wadda ake haɗa ƙofa da ita, manifol ɗin yana jikin injin, ba a gasa shi ba kafin a fara, ba a rufe shi ya huce a hankali ba bayan an gama.

Waldar ta riƙe. Ƙarfen da ke gefenta ne ya tsage, layi ɗaya da ita, tun motar ba ta kai Garwa ba. Direban ya lallaɓa ya wuce, amma a ƙasan falez ya ga ba za ta hau ba. Aka nemo wata mota daga Ngaundere aka juye albasar, wani kaso ya riga ya fara ruɓa. Mai motar ya biya kuɗin juyi, ya biya ragin da mai albasa ya nema, ya sa aka dawo da motar Garwa ba kaya.

Afrilu: awo kafin sifana

Gareji na ƙarshe na wani dattijon bakanike ne da ya daɗe yana aikin manyan motoci. Abin da ya fara faɗa wa mai motar shi ne: "Alhaji, ka bar min ita kwana uku. In gaggawa kake, ka kai ta inda aka saba kai ta." Mai motar ya ce, "Baba, na gaji da gaggawa."

Ranar farko ba a ɗaura komai ba. Aka bari injin ya huce sarai, aka cire kan batir, aka jiƙa notuna da mai suka yi rabin yini. Aka sauke turbo aka toshe ramukansa da na kan injin da tsumma mai tsabta, domin turbo yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, ɗan guntun ƙarfe ko tsakuwa ɗaya ta isa ta kakkarya masa fukafukai. Da aka sauke manifol, ga abin da aka tarar.

Daga cikin ƙusoshi 11 da suka rage, biyar ba na injin ba ne. Gajeru ne na kasuwa, kuma duk a bakuna na huɗu zuwa na shida suke. Na asalin dogaye ne, kowace tana da ɗan bututun ƙarfe mai tsawon gaɓar yatsa da ke zama tsakanin noti da jikin manifol. A gefen baya babu ko ɗaya daga cikin 'yan bututun nan. Yaron motar ya tuna cewa a aikin Nuwamba wasu ƙusoshin sun fito tare da notunansu sun lanƙwashe, aka aika aka sayo wasu, 'yan bututun kuma aka watsa su cikin akwatin kaya tunda gajerun ba sa bukatarsu. Aka duba akwatin, aka samu huɗu.

Dattijon ya kankare fuskar manifol, ya ɗora mata miƙaƙƙiyar rula ta ƙarfe, ya riƙa zura siraran ƙarafan awo a ƙarƙashi. Bakuna na biyu zuwa na huɗu suna taɓa rula. Baki na shida ya ja baya da milimita 0.8. Shi a ƙa'idarsa ba ya mayar da wanda ya wuce 0.3 sai an gyara fuskarsa. Ramukan ƙarshen baya kuma sun nuna gurzar ƙusa a gefe guda, alamar manifol ɗin ya ɗan tsuke da tsufa yana jan ƙusoshin zuwa tsakiya. Fuskar kan injin da aka auna lafiya lau take, sai ɗan zaizaya a bakin shida.

Sannan ya shiga ƙarƙashin mota, abin da ba wanda ya yi a duk watannin nan. Ƙarfen da ke riƙe bututun salansa a jikin giyabos ya karye, karayar kuma tsohuwa ce, ta yi tsatsa. Ke nan nauyin bututun da duk girgizar ramukan hanyar Mora zuwa Kuseri a wuyan turbo suke sauka, turbo kuma a kan manifol yake zaune, daidai inda ya tsage. Matatar iska ita ma ta cika da ƙurar hunturu.

Guntun ƙusar da ya karye a ciki ya ɗan leƙo waje kaɗan. Aka ɗora masa washa da noti, aka cika tsakiyar notin da walda ta kama guntun, aka jira ya huce. Zafin waldar yana sassauta tsatsa. Da aka sa sifana ana kaɗawa gaba da baya, sai ya biyo. Wannan ya fi hudawa da injin huda aminci, don in hannu ya kauce ana iya ɓata haƙoran ramin, ko ma a huda har hanyar ruwan kan injin.

Tsohon manifol ɗin dattijon ya ce ba zai mayar ba. Ya ce ƙarfen zubi yana waldu, amma sai an sauke shi, an huda ƙananan ramuka a ƙarshen tsagewar don kar ta ci gaba, an gasa shi gaba ɗaya, an yi amfani da sandar nikel kaɗan-kaɗan, sannan a binne shi cikin yashi mai zafi ko toka ya huce a hankali. Wannan kuwa an riga an ƙona shi, ga karkacewa, ga tsukewa. Aka samo wani na hannu a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci. Shi ma sai da aka auna, aka ga ya kauce da 0.4, aka kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe ya daidaita fuskarsa. Wannan ya cinye rana ta biyu.

Yadda aka ɗaura

Rana ta uku da safe, kafin rana ta yi zafi, aka fara. Aka share haƙoran ramuka 12, aka busa su da iska. Aka dasa sababbin dogayen ƙusoshi duka, har da inda tsofaffin ke da kyan gani, domin duk ƙusar da aka tamke da sifana mai bututu ta riga ta ƙara tsawo. 'Yan bututun da suka ɓace aka yanko madadinsu daidai awon na asali. Gaskit ɗaya-ɗaya a kowane baki, na ƙarfe, ba manna, ba ninki. Aka shafa wa haƙoran waje ɗan man tagulla mai hana noti kamewa.

Mutum biyu suka ɗaga manifol suka zura shi. Ya shige ba tare da an ɓanɓare shi ba, wannan kuma dattijon ya tsaya ya tabbatar da idonsa: kowace ƙusa ta ƙarshe tana da sarari a cikin raminta, hagu da dama. Aka sa notuna duka da hannu, ba a ɗaure ko ɗaya ba sai da na sha biyu ya hau.

Ɗaurin da sifana mai awo aka yi shi, daga tsakiya. Bakuna na uku da na huɗu tukuna, sai na biyu da na biyar, sai na ɗaya da na shida, a kowane baki ana musanya sama da ƙasa. Zagaye uku: niyuton-mita 20, sai 35, sai 50, adadin da ke littafin injin. Bayan haka aka sake bi a 50 ɗin, na tsakiya biyu suka ɗan ƙara motsi. Dalilin fara tsakiya shi ne ƙarfen ya kwanta yana shimfiɗuwa zuwa gefuna. In aka fara kama ƙarshe da ƙarshe, duk wani lanƙwaso an kulle shi a ciki ke nan.

Aka mayar da turbo da sabon gaskit, aka zuba masa baƙin mai mai tsabta ta bakin shigar mai kafin a haɗa bututunsa, don kar ya tashi a bushe. Aka yi sabon mariƙin salansa, aka daidaita bututun ya zauna da kansa a bakin turbo ba ja ba turi, sannan aka ɗaure. Aka sauya matatar iska, aka naɗe wayoyin da suka narke aka janye su daga zafi. Famfon mai aka kai wa wani mai bencin gwajin famfo ya mayar da shi awonsa, aka gwada nozul shida masu fesa mai cikin silinda, ɗaya yana ɗiga, aka sauya shi.

Da aka tayar, dattijon ya bi bakunan da ruwan sabulu tun injin yana sanyi, ba kumfa. Aka yi gwajin hanya da ɗan lodi, aka dawo aka ajiye ta ta kwana. Washegari da safe, ƙarfe ya yi sanyi, aka sake bin notunan da sifana mai awo. Uku sun ɗan karɓa. Ya ce wa direban ya dawo bayan tafiyar farko ta Ngaundere a sake dubawa, ya kuma ja masa kunne: in ya gama hawan falez kada ya kashe injin nan take, ya bar shi ya yi silo na 'yan mintuna.

Daga Mayu zuwa ƙarshen damina

A dubawar bayan tafiyar farko noti ɗaya ne ya motsa, shi ma kaɗan. Daga nan ba wanda ya sake motsi. Motar ta yi aikin damina gaba ɗaya, ta hau falez da cikakken lodi ba a juye mata kaya ba. Baƙin hayaƙi ya koma na ɗan lokacin canjin giya. Direban ya ce man da yake sha a tafiyar Garwa zuwa Ngaundere ya koma yadda ya sani a da. Da sanyi ya sake zagayowa a Disamba, ba a ji ƙarar asuba ba.

Abin da ya haddasa, da abin da ya ƙara ta'azzara

Tushen matsalar aikin Nuwamba ne, kuma ba gaskit ba ne, ƙusoshi ne. Ƙarfen zubi yana ƙara tsawo da kusan milimita ɗaya a kowace mita in zafinsa ya hau da digiri 100. Manifol mai santimita 90 da ya hau da digiri 500 zai ƙaru da kusan milimita 5. Kan injin da yake manne da shi ruwa na sanyaya shi, bai cika wuce digiri 100 ba, ƙaruwarsa ba ta kai milimita guda ba. Saboda haka a kowace hawa manifol sai ya zame a kan fuskar injin, in ya huce ya dawo, kuma bakunan ƙarshe su suka fi tafiya. Dogayen ƙusoshi da 'yan bututunsu an yi su ne don su riƙe shi da matsi su kuma bar shi ya motsa, don doguwar ƙusa tana ɗan miƙewa ta dawo. Gajeriya ba ta da wannan sassauci. Ko ta saki, ko ta karye. A Disamba ta saki, a Janairu da aka tamke ta sai ta karye.

Gyaran Fabrairu shi ya fi kowane tsada, ko da yake shi ne mafi arha a ranar. Gaskit biyu suna lotsewa fiye da ɗaya, ƙusa guda ba za ta iya danne baki ita kaɗai ba, ɓanɓarar manifol kuma ta bar shi cikin ja tun yana sanyi. Ƙara mai a famfo ya ɗauki alamar ciwo a matsayin ciwon, ya ɗaga zafin da ya karkatar da ƙarfen. Mai walda na Marwa ne aka fi zagi a tasha, amma shi laifinsa ya fi ƙanƙanta: an kira shi ne a kan ƙarfen da ya riga ya mutu, albasa na bisa, aka ce ya yi sauri.

Karyayyen mariƙin salansa kuwa da wuya a ce shi ya fara hurar, tunda ta faro ne daga baki na shida. Tsagewar tsakiya dai laifinsa ne tare da zafi, kuma da an bar shi haka, sabon manifol ɗin ma a wuri ɗaya zai tsage. Cikin duk kayan da aka sauya a Afrilu, shi ne mafi arha, guntun ƙarfe ne da notuna biyu.